Kallon Talabijin a Kan Tafiya: Kwatanta Hanyoyin Watsa Shirye-shiryen Dijital

Tsakure

Wannan takarda ta kwatanta manyan tsare-tsaren watsa talabijin na dijital ta eriyar ƙasa, ta fuskar yadda kowanne yake isar da hoto ga mai kallon da yake cikin tafiya. Ta fara da bayanin matsalolin da motsi yake haddasa wa sigina, sannan ta duba yadda tsare-tsaren Amurka da Turai da Japan da Koriya ta Kudu suka tunkare su. Takardar ta nuna cewa ana sayen juriyar sigina ne da rage yawan bayanan da take ɗauka, kuma tsarin da ya fi jimawa a hannun jama'a shi ne wanda ya tanadi gurbin matafiyi a cikin siginar gida tun farko. A ƙarshe ta duba abin da wannan yake nufi ga Nijeriya.

Fitilun kalmomi: talabijin na dijital, amsa-kuwwa, igiyar dako, tazarar kariya, wayar hannu

1.0 Gabatarwa

A watan Yuni na 2006 ƙasashen Afirka da Turai da Gabas ta Tsakiya suka ƙulla yarjejeniya a birnin Janeba, ƙarƙashin Hukumar Sadarwa ta Duniya, cewa za a ƙaura daga talabijin na analog zuwa na dijital, aka kuma sa ranar 17 ga Yuni 2015 a matsayin wa'adi. Yawancin bayanin da ya isa kunnen jama'a game da wannan ƙaura ya tsaya ne a kan dikoda da kyawun hoto da yawan tashoshi. Akwai wata tambaya da ba a cika yi ba: shin siginar za ta bi mutum zuwa cikin mota, ko jirgin ƙasa, ko wayar da take aljihunsa?

Tambayar tana da muhimmanci saboda bambancin da yake tsakanin watsawa da intanet. Na'urar watsawa guda tana iya ciyar da mutum goma ko mutum miliyan goma da sigina ɗaya, ba tare da kuɗin gudanar da ita ya ƙaru ba. A intanet kuwa kowane mai kallo da nasa rabon, shi ne kuma yake biyan kuɗin data. Duk wanda ya saurari rediyon FM a ƙaramar waya ya san amfanin abin da ake kamawa kyauta daga iska.

2.0 Abin da Tafiya Take Yi wa Sigina

Masu tsara watsa talabijin sukan ɗauka cewa eriyar gida tana tsaye a tsayin mita 10, tana fuskantar tasha. Eriyar matafiyi kuwa ƙarama ce, tana kimanin mita ɗaya da rabi daga ƙasa, ba ta fuskantar ko'ina. Daga nan ne matsaloli huɗu suke tasowa.

2.1 Amsa-kuwwa

Igiyar rediyo takan bugi gini ko dutse ko wata mota ta dawo, don haka sigina ɗaya takan iso wa eriya ta hanyoyi da dama, wasu a makare. Igiyar tana cin mita 300 a cikin maikrosakan ɗaya, wato kashi ɗaya cikin miliyan na sakan. Saboda haka siginar da ta yi zagayen mita 300 za ta makara da maikrosakan ɗaya. A talabijin na analog wannan ne yake sa a ga inuwar mutum a gefen hotonsa. A na dijital kuwa bayanan da suka makara suna fāɗawa kan na bayansu su gurɓata su, hoton ya daskare ko ya ɓace ɗungurungum.

2.2 Gocewar Doppler

Jiniyar motar asibiti takan yi siriri in tana tahowa, ta yi kauri in ta wuce. Christian Doppler, masanin kimiyya ɗan ƙasar Ostiriya, shi ya yi bayanin wannan a 1842, kuma haka abin yake ga igiyar rediyo. Ana auna saurin kaɗawar igiya da haz, wato kaɗawa ɗaya a sakan. Motar da take gudun kilomita 120 a awa, tana kama tashar da take kan megahaz 600, za ta sami gocewar kimanin haz 67. Da tashar tana kan megahaz 200 ne, da gocewar ba ta wuce haz 22 ba. Ke nan gocewar tana ƙaruwa da gudun mota, tana kuma ƙaruwa da hawan zangon tasha.

2.3 Dusashewa

Idan igiyoyin da suka biyo hanyoyi daban-daban suka haɗu, a wani wuri su ƙarfafa juna, a wani wuri su kashe juna. A megahaz 600 tsawon igiya rabin mita ne, don haka ramukan da sigina take dusashewa a cikinsu suna iya kasancewa a tazarar santimita 25 kacal. Mota mai gudu takan ratsa irin waɗannan ramuka fiye da ɗari a sakan ɗaya. Mai tafiya a ƙasa kuwa yakan daɗe a cikin rami guda, wanda hakan ma wata matsalar ce.

2.4 Batir

Akwatin talabijin na gida yana jan wuta daga bango. Wayar hannu kuwa da batir ta dogara, kuma sarrafa siginar da ta cika zango guda tun daga farko har ƙarshe aiki ne mai cin wuta.

3.0 Ɗan Dako Guda ko 'Yan Dako Dubu

Duk wani tsarin dijital yana ɗora bayanansa ne a kan igiyar dako, cikin gutsattsarin da ake kira alamomi. A nan ne injiniyoyi suka rabu gida biyu.

Gida na farko ya zaɓi igiyar dako guda mai tsananin sauri. Wannan ita ce hanyar 8-VSB ta Amurka, wadda take aika alamomi miliyan 10.76 a sakan. Kowace alama ba ta kai kashi ɗaya cikin goma na maikrosakan ba, don haka amsa-kuwwar da ta makara da maikrosakan ɗaya za ta sauka ne a kan alama ta goma sha ɗaya daga tata. Dole na'urar kamawa ta ƙunshi wani sashe mai lissafa amsa-kuwwar yana cire ta. In eriya tana tsaye, lissafin yakan yiwu. In tana tafiya, amsa-kuwwar tana sauya kamanni kafin a gama lissafin.

Gida na biyu ya zaɓi hanyar COFDM, inda ake raba bayanai ga dubban ƙananan igiyoyin dako, kowace tana tafiya sannu a hankali. A tsarin Turai, alama guda tana iya ɗaukar maikrosakan 896. Bugu da ƙari, ana sa wata 'yar tazara a gaban kowace alama, wadda za a iya kira tazarar kariya, domin amsa-kuwwar alamar da ta gabata ta ƙare a cikinta. Misalinsa kamar mai jawabi ne a babban ɗakin taro, wanda yake jan kalmominsa yana ɗan dakatawa tsakaninsu har amon ɗakin ya lafa.

Sai dai wannan hanya tana da nata tarnaƙin. Gwargwadon yawan igiyoyin dako a zango guda, gwargwadon kusancinsu da juna, kuma in sun yi kusa sosai gocewar Doppler takan tura wata cikin gurbin maƙwabciyarta. Doguwar alama tana maganin amsa-kuwwa, gajeriyar alama tana maganin gudu. Ba a samun biyun a cike a lokaci guda, kuma a kan wannan ciniki ne sauran kwatancin ya ginu.

4.0 Tsare-tsare Uku na Farko

4.1 ATSC na Amurka

Hukumar sadarwa ta Amurka ta amince da ATSC a watan Disamba na 1996. Tsarin yana ɗaukar megabit 19.39 a sakan a cikin zango mai faɗin megahaz 6. An gina shi ne domin isar da hoto mai tsananin kyau zuwa eriyar kan rufi, a ƙasa mai faɗi inda tasha guda take hidimar nesa, kuma a wannan aiki yana da tattalin wuta. A 1999 kamfanin Sinclair ya gudanar da gwaje-gwaje a birnin Baltimore, ya nemi a ba tashoshi damar amfani da COFDM saboda wahalar kama 8-VSB da ƙaramar eriya, amma hukumar ta ƙi a farkon 2000. Na'urorin kamawa na baya sun inganta ƙwarai wajen amsa-kuwwar da take tsaye, sai dai matsalar tafiya ta ci gaba. Taiwan, wadda ta fara zaɓar ATSC, ta koma tsarin Turai a 2001.

4.2 DVB-T na Turai

An fitar da DVB-T a 1997, da zaɓi biyu. Zaɓin 2K yana da igiyoyin dako 1,705, da tazarar haz 4,464 tsakaninsu a zango mai faɗin megahaz 8. Zaɓin 8K yana da igiyoyi 6,817 da tazarar haz 1,116. Gocewar haz 67 da aka lissafa a baya kashi ɗaya da rabi ce cikin ɗari ta tazarar 2K, amma kashi shida ce ta tazarar 8K. Saboda haka 2K ya fi jure gudu ninki huɗu. A ɗaya gefen, tazarar kariya mafi tsawo a 2K maikrosakan 56 ce, daidai da zagayen kilomita 17, alhali ta 8K maikrosakan 224 ce, daidai da kilomita 67. Wannan doguwar tazara ce take ba da damar a kafa na'urorin watsawa da yawa a kan zango ɗaya, na'urar kamawa ta ɗauki ta nesa tamkar amsa-kuwwar ta kusa.

Akwai kuma zaɓin yawan bit da kowace alama za ta ɗauka: biyu, ko huɗu, ko shida. Ƙaramin kaya ya fi isa lafiya. Birtaniya ta fara da bit shida, ta sami kimanin megabit 24 a sakan domin eriyar rufi. Jamus, wadda ta kashe analog a Balin a 2003, ta zaɓi bit huɗu da doguwar tazarar kariya domin a kama da ƙaramar eriya, ta haƙura da kimanin megabit 13. Bambancin lambobin nan biyu shi ne farashin juriya. Singafo ma ta yi amfani da DVB-T wajen nuna shirye-shirye a motocin safa na birni daga 2001.

Raunin DVB-T shi ne ba ya warwatsa bayanai cikin lokaci mai tsawo. Idan tawada ta zube ta shafe layi guda cif a takarda, ma'ana ta tafi. Idan kuwa harafi ɗaya ta shafe a nan, ɗaya a can, mai karatu zai cike gurbin. Haka dabarun gyaran kuskure suke: sun fi iya gyara ɓarnar da ta bazu. A DVB-T ramin dusashewa ko tartsatsin injin mota yakan cinye bayanai a jere.

4.3 ISDB-T na Japan

Japan ta fara watsa ISDB-T a watan Disamba na 2003, bayan ta ga abin da ya sami na gabanta. Ita ma COFDM ta ɗauka, amma ta ƙara abu biyu. Na farko shi ne warwatsa bayanai cikin lokacin da zai iya kusan kai rabin sakan. Na biyu shi ne raba zango zuwa yanki 13, kowanne mai faɗin kimanin kilohaz 429. Yankuna 12 suna ɗaukar hoton gida mai nauyi, na tsakiya kuma aka keɓe wa matafiyi, aka sauƙaƙa masa kaya. Wayar hannu wannan yanki ɗaya kawai take kamawa, don haka ba ta cin batir sosai. Wannan hidima, mai suna 1seg, ta fara a ranar 1 ga Afrilu 2006, da ƙaramin hoto mai ɗigo 320 a kwance da 240 a tsaye.

4.4 Gwajin Barazil

Tsakanin 1999 da 2000 ƙungiyoyin masu watsa shirye-shirye na Barazil, tare da Jami'ar Mackenzie, suka gwada tsare-tsaren uku a birnin Sao Paulo. Sakamakon ya fifita COFDM a kan 8-VSB a wuraren da gine-gine suka yi yawa, ya kuma nuna fifikon ISDB-T wajen kamawa da eriyar cikin ɗaki da kuma a kan tafiya. Barazil ta ɗauki tsarin Japan a 2006, ta fara watsawa a Disamba 2007, kuma yawancin ƙasashen Kudancin Amurka suka bi sahunta. A Afirka, Botswana ta zaɓe shi a 2013.

5.0 Tsare-tsaren da Aka Ƙera Domin Wayar Hannu

Waɗanda tsarinsu na farko bai tanadi gurbin matafiyi ba sai suka koma ƙera na musamman.

Turai ta fitar da DVB-H a 2004. Ya ƙara zaɓin 4K a tsakanin 2K da 8K, da wani sabon matakin gyaran kuskure, da kuma dabarar aika shirin kowace tasha a dunƙule cikin ɗan lokaci kaɗan, ta yadda waya za ta buɗe kunnenta ta kwashe, sannan ta kashe sashen kamawa har zagaye na gaba. Wannan dabara tana iya rage wutar da sashen yake ci da kusan kashi 90 cikin ɗari. Italiya ta ƙaddamar da shi a 2006, lokacin gasar cin kofin duniya, kuma Hukumar Tarayyar Turai ta mara masa baya a 2008. A Afirka ma hidimar DStv Mobile ta yi aiki da shi a Nijeriya da Kenya da Afirka ta Kudu. Duk da haka hidimomin DVB-H sun rufe ɗaya bayan ɗaya, domin suna buƙatar sababbin na'urorin watsawa masu yawa, da wayoyi na musamman, da kuɗin wata daga mai kallo.

Koriya ta Kudu, wadda ATSC take amfani da shi a gidaje, ta fara T-DMB a Disamba 2005. An gina shi ne a kan tsarin rediyon dijital na DAB, wanda tun asali domin mota aka ƙera shi. Zangonsa siriri ne, megahaz 1.536, kuma yana kusa da megahaz 200 inda gocewar Doppler take da sauƙi. An ba da shi kyauta, masu ƙera waya na ƙasar suka sa shi a wayoyinsu, jama'a suka rungume shi, ko da yake tashoshin sun sha fama da ƙarancin kuɗin talla.

A Amurka kamfanin Qualcomm ya kafa MediaFLO, tsari mai inganci a fasahance, wanda ya fara aiki a 2007 bisa biyan kuɗin wata. An rufe shi a watan Maris na 2011, aka sayar da zangonsa ga AT&T a kan kimanin dala biliyan 1.9. Masu ATSC kuma sun fitar da ATSC-M/H a 2009, wanda yake yankar wani kaso na megabit 19.39 ya lulluɓe shi da kariya mai kauri, amma wayoyin da suke kama shi ba su yawaita ba.

Idan aka jera waɗannan, za a ga cewa ingancin sigina kaɗai bai ceci kowa ba. 1seg bai fi DVB-H ko MediaFLO kyawun hoto ba. Abin da ya bambanta shi shi ne yana tafiya a cikin siginar da tasha take watsawa dama can, babu sabon zango, babu kuɗin wata. Amfaninsa ya fito fili a girgizar ƙasa ta 11 ga Maris 2011, lokacin da wuta ta ɗauke, layukan waya suka cushe, mutane da dama suka sami labari ta wannan hanya. Amma shi ma ya ja baya da zuwan manyan wayoyin zamani, waɗanda yawancinsu ba sa ɗauke da sashen kama talabijin.

6.0 Sabon Zubi da Matsayin Nijeriya

Tsare-tsaren zubi na biyu sun ɗauki darasin. DVB-T2, wanda Birtaniya ta fara watsawa a ƙarshen 2009, ya zo da gyaran kuskure mai ƙarfi, da warwatsa bayanai cikin lokaci, da kuma damar raba sigina zuwa bututu daban-daban, kowanne da irin juriyarsa. A 2011 aka ƙara masa reshen T2-Lite domin na'urorin hannu, wanda bai wuce megabit 4 a sakan ba. Amurka ma ta bar igiyar dako guda a sabon tsarinta na ATSC 3.0, wanda Koriya ta Kudu ta fara watsawa a 2017. Wannan komawa ta rufe muhawarar da aka faro a shekarun 1990.

Sai dai cinikin nan na asali yana nan. DVB-T2 yana da zaɓin 32K, wanda da shi Birtaniya take samun kimanin megabit 40 a sakan. Tazarar igiyoyinsa haz 279 ce kacal, don haka gocewar haz 67 ta kusa kashi ɗaya cikin huɗu nata. Siginar da aka saita haka tana cika gidaje da tashoshi, amma tana wahalar da mota mai gudu.

Nijeriya, kamar yawancin ƙasashen Afirka ta Yamma, DVB-T2 ta zaɓa, kuma Hukumar Kula da Kafafen Watsa Labarai ta Ƙasa ta ƙaddamar da zagayen gwaji a Jos a watan Afrilu na 2016. Ke nan tsarin da yake hannun ƙasar yana iya hidimar matafiyi. Ko zai yi hakan, ya dogara ne ga abu uku: yadda aka saita siginar, da yawan na'urorin watsawa da za su kai ƙarfinta ga eriyar da take kusa da ƙasa, da samuwar na'urorin kamawa masu araha a kasuwa. Kowane megabit da aka ware wa matafiyi ragi ne a yawan tashoshin da za a sayar wa gurbi, don haka shawarar ta masu tsara manufofi ce kafin ta zama ta injiniyoyi. Ga shirye-shiryen Hausa, waɗanda masu bibiyarsu suka haɗa da direbobi da 'yan kasuwa da makiyaya da mazauna wuraren da wutar lantarki ba ta zama, amsar da aka ba wannan tambaya tana shafar yawan waɗanda shirin zai isa gare su.

7.0 Kammalawa

Kwatancin ya nuna cewa a kan tafiya, hanyar igiyoyin dako masu yawa ta fi ta igiya guda, kuma a cikin masu amfani da ita, wanda ya warwatsa bayanai cikin lokaci ya fi wanda bai yi ba. Daga cikin tsare-tsaren farko, ISDB-T ne ya fi dacewa da matafiyi, DVB-T yana biye in an rage masa kaya, ATSC kuma na eriyar rufi ne. Tsare-tsaren da suka nemi sabon zango da kuɗin wata sun rufe cikin 'yan shekaru, waɗanda aka bayar kyauta kuwa sun fi daɗewa. A halin yanzu ana gwada hanyar 5G Broadcast a wasu ƙasashen Turai, domin waya ta kama shiri daga iska da irin fasahar da take cikinta. Ita ma za a auna ta ne da ma'aunin da aka auna na baya: juriyar amsa-kuwwa da gudu, da cin batir, da kuma wanda zai biya kuɗin.